Akwatin Littattafan da Na Sa wa Kwaɗo

Akwai ranar da ko na tsufa na manta sunan unguwarmu, ita kam ba za ta fita daga raina ba: ranar da na doke hannun ƙanwata saboda littafi.

A unguwar Kwarbai muka tashi, cikin wani tsohon gidan ƙasa. Babanmu ɗinkin hannu yake yi, yana wuni a zaure kan aikin babbar riga. Bai yi boko ba, amma duk sanda ya shiga kasuwa ya ga tsofaffin littattafan labarai a shimfiɗe, sai ya zaɓo ɗaya ya kawo gida. Ni ce mai karɓa, domin ni ce shiru-shirun gidan, wadda ba ta iya haɗa ido da baƙo. Kowane littafi sai na yi masa riga da takardar buhun siminti, na rubuta masa lamba, sannan na jera shi a akwatin katakon da Inna ta ba ni. Ko kusurwar shafi ban taɓa lanƙwasawa ba.

Ƙanwata tana da shekara bakwai lokacin, ta fara haɗa baƙi. Idan ina karatu sai ta zo ta jingina da kafaɗata tana leƙe. "Yaya, me suka ce a nan?" Ni kuwa sai in ce ta bari in gama. Ban taɓa gamawa na waiwaye ta ba.

Wata Alhamis na dawo daga makaranta na same ta zaune a bayan randa, kwanon ɗanwake a gefenta, littafina buɗe a cinyarta. Tana bin layi da yatsa, tana furta kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Da ta gan ni sai ta miƙe tana tsalle.

"Yaya, na kai shafi na uku! Ni kaɗai, wallahi babu wanda ya gaya mini!"

Na karɓi littafin. Ƙarƙashin kowane layi akwai sawun mai da yaji, tun daga farko har inda ta tsaya. Yau da hankalina na san me wannan sawun yake nufi: yarinya ce ta yi tafiyar shafi uku da ƙafarta. A ranar kuwa maiƙo kawai na gani. Na kama hannun na doke shi da ƙarfi, na ce, "Kar ki ƙara taɓa mini akwati, ƙazama kawai!"

Ba ta yi kuka ba. Ta dubi hannunta, ta goge shi a zanenta, ta ɗauki kwanonta ta fita.

Washegari na sa wa akwatin kwaɗo. Baba ya gani, ya yi dariya. "Ke kuwa, littattafai ne ko kayan lefe?" Da ya ga ban yi dariya ba, sai ya ce, "Rigar da na ɓata wata uku a kanta, in mai ita ya ninke ya ajiye, ai ya zage ni." Na sunkuyar da kai kamar na ji, amma ban cire kwaɗon ba.

Bayan 'yan watanni na tafi makarantar kwana, makullin yana rataye a wuyana. Damina ta yi ƙarfi a shekarar. Da na dawo hutu, ko mayafi ban cire ba na durƙusa na buɗe akwatin. Gara ta shigo ta ƙasa ta gina gidanta a ciki. Na ɗaga littafin farko, ya ruguje a hannuna. Na tona har gindi ina neman ko guda ɗaya, babu abin da ya saura sai jar ƙasa da guntayen takarda.

Ina cikin kuka na ga ƙanwata tsaye a bakin ƙofa.

"Tun watan jiya na ga ƙasa tana hawa jikinsa," in ji ta.

"To me ya hana ki faɗa wa Inna? Me ya hana ki ja shi daga bango?"

"Ke kika ce kar in ƙara taɓawa."

Ba da gatse ta faɗa ba, iyakar gaskiyarta ke nan. Wannan ya fi garar ci mini rai.

Daga baya na yi ƙoƙarin gyarawa. Na sayo mata sabon littafi mai hotuna, na zauna kusa da ita na buɗe. Ta ɓoye hannuwanta a baya, ta ce, "Ajiye abinki, Yaya, kar in ɓata." Ta yi makarantarta ta gama lafiya, tana karanta abin da aka tilasta mata, ta ci jarrabawa. Yanzu babbar mace ce mai sana'arta, muna zumunci sosai. Amma ban sake ganinta da littafi a hannu don daɗi ba, ko sau ɗaya.

Abin da na koya, a makare, shi ne littafi ana sake saye, amma marmarin yaro sau ɗaya yake zuwa da gudu yana kiran sunanka. In ya zo, ko da maiƙo a hannunsa, a matsa masa wuri a ce ya ci gaba zuwa shafi na huɗu.