Hannun Afiniki a Watan Sanyi

Afiniki ƙawata ce tun muna 'yan mata muna ɗiban ruwa a bayan layin dogo, saboda haka duk zagin da zan yi mata a nan da izini ne. Gajeruwa ce, ga baki, ga rowar gishiri a miya. Amma a unguwarmu ta Kafanchan ba a taɓa yin mai wankan jariri kamarta ba. Shekara talatin da ɗoriya, duk gidan da aka haihu, kafin a aika wa fasto an aika mata. Sai ta zauna a 'yar kujera, ta miƙe ƙafafu a kan baho, ta kwantar da ɗan mutum a cinya, ta gasa cibiya da tsumma mai ɗumi, ta lanƙwasa hannu, ta ja ƙafa, ta cilla shi sama sau uku ta cafe. Rabin 'yan acaɓan da ke neman take ni a bakin kasuwa, ita ta fara ganin tsiraicinsu.

Ciwon ya same ta bayan mutuwar mijinta Abednego. Ya fara a gwiwar hannu, ya hau kai, ya sauko gwiwa, daga baya ya zauna a bayan hannu kamar an ba shi gado. Tabo ne mai kauri, da farin ɓawo a kai irin na kifi, ga ƙaiƙayin da ke sa mace mai mutunci ta goga baya a jikin bango kamar akuya. Wasu suka ce kirci ne. Masu baƙin ciki suka yi raɗa da sunan kuturta. Ni na raka ta asibiti, likita ya duba ya ce sunansa soriyasis.

"Mama, ba ya kisa, kuma ba a ɗaukarsa," in ji shi. "Sai dai ba ya warkewa. Lallaɓa shi ake yi."

Na ce, "Likita, ai wannan mijina ka kwatanta."

Afiniki ba ta yi dariya ba, sai da muka hau keke napep.

Ciwon yana da kalandarsa. Da an yi ruwan farko iska ta yi laushi, sai fatar ta kwanta, ɓawon ya zube, ya bar baƙin tabo kawai. Daga Mayu zuwa Satumba Afiniki mutum ce kamar kowa. Da ruwa ya ɗauke, sanyi ya shigo, sai ya farka. Kafin Kirsimeti hannun ya tsage yana jini. Kuma lokacin ne mata ke zama da wuƙaƙe suna tsaga citta, wadda ruwanta in ya shiga tsagar fata sai ka kira sunan uwarka. Da haka ta zama mai wankan damina. Wadda ta haihu a Yuli ta aiko a kira ta. Wadda ta haihu a Janairu sai ta tuna tana da wata goggo a ƙauye. Ba wanda ya taɓa ce mata kar ta zo. Mu mutanen coci ne, ba ma korar mutum, mantawa muke yi da shi.

Ɗa ɗaya gare ta, Gershon. Ya auri wata malamar makaranta, Rosemary, yarinya mai ladabi, mai wanke hannu kafin ta wanke hannu. Shekara huɗu shiru, ba haihuwa. Zumuntar Matan cocinmu ta yi addu'a har muryoyi suka dushe. Ran da Gershon ya kawo labarin ciki, Afiniki ta yi guɗa, ta yi rawa a tsakar gida, sannan ta zauna ta fara lanƙwasa yatsu. Na ga inda yatsan ƙarshe ya tsaya.

"Disamba," ta ce.

"Ɗanki ba shi da lissafi," na ce. "Wata goma sha biyu Allah ya ba shi."

A danginsu uwar miji ce ke yin wankan farko. Afiniki ta wanke 'ya'yan mashaya, ta wanke 'ya'yan waɗanda ba sa gaishe ta, yanzu ga nata jinin yana tafe a watan da hannunta ke zama abin rufewa. Rosemary ta durƙusa ta ce, "Mama, in hannun ya kwanta, ke za ki yi. Ba wanda zai riga ki." Da zuciya ɗaya ta faɗa, ni shaida ce.

Tun Satumba Afiniki ta shiga yaƙi. Ta bar aikin citta, matar da ba ta taɓa barin sisi ya wuce ta ba. Man kaɗe safe da yamma, har ƙudaje suna zamewa a jikinta. Ruwan wanka mai ɗumi kaɗan, ta shiga ta fito, ta shafa mai tun jiki bai bushe ba, yadda likita ya ce. Ta yanke farce ƙwal. Ta ajiye rigunan leshi masu cizo ta koma atamfa tsohuwa. Da hantsi ta zauna a rana ta shanya hannuwa a gwiwa. In ƙaiƙayi ya taso sai ta mari wurin maimakon susa, har maƙwabta suka ɗauka sauro ya yi mana yawa. Kuma abin ya yi aiki, ban da ƙarya. Nuwamba ta ƙare hannun bai tsage ba. Ɓawo ne kawai fari-fari a bayan yatsu.

Ɓawon nan ne ya ci ta. Kullum tana kallonsa tana cewa, "Hulda, uwar Rosemary za ta zo daga Godogodo. Da wannan zan karɓi yaro a gabanta?"

"Ki bar shi. Wa ya ce jariri yana duba hannu?"

Amma ka san mai sana'a. Shekara talatin ta ga ruwan zafi da soso da sabulun salo suna mai da jariri mai maiƙo ya koma sumul. A wurinta ba abin da ke manne wa fatar ɗan Adam da zai gagari waɗannan ukun. Ran wata Asabar a farkon Disamba ta tafasa tukunya, ta shiga banɗaki, ta yi wa kanta wankan da take yi wa masu jego. Ta dirje hannu, ta dirje gwiwa, ta dirje har inda lafiya lau yake, wai don kar ya yi sha'awa. Ta fito tana tururi ta miƙo min hannuwa.

"Duba! Kamar na amarya."

Ja suke, sumul, suna sheƙi. Na buɗe baki na rufe. Ban cika yin haka ba.

Kwana biyu fatar ta bushe ta ɗaure kamar ganga, ta tsage a kowace gaɓa. Kafin sati biyu, duk layin da soso ya karta sai sabon tabo ya fito a kai, har wuyan hannu, har damtse. Cokali ma da ƙyar take riƙewa.

An haifi yarinya ran sha tara ga wata. Nas ɗin da ta sallami mai jego da jaririyar daga asibiti ta kama hannun Afiniki ta juya, ba ƙyama ko kaɗan, ta ce, "Mama, wannan ba zai kama bebi ba. Amma ciwo a buɗe yake, ga cibiya ba ta warke ba, ke ma ruwa da sabulu za su ƙara miki. Ki ɗan bari." Da zagi ta yi, da mun rama. Gaskiya ta faɗa, muka kwashi kayanmu muka taho gida.

Mama Irene, uwar Rosemary, ita ta zauna a kujerar Afiniki, a kan bahon Afiniki. Afiniki ta hura wuta ta dafa ruwa, ta tsaya a bakin ƙofa da safa a hannu.

"Uwar Rosemary, tallafi wuyan."

"Na tallafa, uwar Gershon. Ni ma takwas na haifa."

"Bayan kunne fa?"

Matar tana wanke jikar kamar mai wanke gwaza. Da aka zo wajen cillawa sai ta ce ita ba ta wannan, tsoro take ji. Na ga hannuwan Afiniki sun ɗaga da kansu cikin safa, suka koma. Gershon ya naɗe yarinyar a tawul ya miƙo mata.

"Mama, ko riƙewa ki yi."

Ta karɓa a kan damtse, yatsu a waje, kamar mai ɗauke da itace. "Ba komai," ta ce. "Damina na zuwa."

Damina ta zo, amma kafin nan an mai da Gershon aiki Mararaban Rido, sun kwashe tun Fabrairu. Sai hutun Agusta suka kawo ziyara. Hannun ya kwanta lumui, ta dafa ruwa tun kafin su sauke jaka. Yarinyar wata takwas, ga haƙora biyu, ba ta san wannan tsohuwa ba. Da Afiniki ta cire mata riga sai ta ƙwalla ƙara, ta sandare, ta miƙa hannu wajen uwarta. Rosemary ta yi ta ba da haƙuri. Ruwan ya huce a baho, ni na wanke ƙafata da shi don kar a yi asara.

Yanzu ko a damina ba a cika kiranta ba. 'Yan matan yau a waya suke koyon wanka.

Watan jiya, ana tsakiyar ruwa, Gershon ya bugo waya muna zaune muna tsince acca. An sake samun rabo. Afiniki ta yi guɗa, ta gode wa Ubangiji, ta ajiye wayar. Na ga babban yatsanta ya fara tafiya a kan sauran, sai na kama hannun na riƙe.

"Sake ni, Hulda. Na riga na gama. Janairu ne."

Na ce zan je Mararaban Rido da kaina in koya wa yaron nan kalanda. Sai ta ce in na shiga kasuwa ran Alhamis in taho mata da man kaɗe, babban ƙulli, kar in sayo mai gauraye. Na sayo. Yana kan tagarta, ba ta kwance shi ba tukuna.