Malam Aisami Garbai da Dokin Tukwici

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Aisami a shekarar 1959 a Gidigir, ƙasar Gure, ga Garbai makiyayi da Ya Kaka, wadda ta hore shi a kan kada ya ƙi kyauta, kada kuma ya karɓa bai ba da tukwici ba. Ya shiga lakwal, wato makarantar boko, a 1966, inda wani mushe, malamin ajinsu, ya koya masa shataranji, wasan da 'yan boko ke kira eshek.

Aiki da Aure

A 1981 ya kama aikin rigakafin dabbobi a Bune. Ya auri Habsatu a 1984, wadda ta yi haƙurin shekara arba'in da mijin da ke tura ƙoƙon gishiri a tabarma yana cewa sarauniyar shataranji ce.

Gasar Damagaram

A watan Maris na 2014, yana da maki 1,640, ya haɗu a wasan ƙarshe na gasar shataranji da wani gwani, Zubair, mai maki 1,910, a kan gurbi ɗaya tak na zuwa gasar Yamai, burin da ya shekara talatin yana nema. Zubair ya buɗe da salon nan na sadaukar da soja ɗaya don mamaye tsakiyar allo. Malam Aisami ya karɓi sojan da godiya, sannan, bisa tarbiyyar mahaifiyarsa, ya miƙa dokinsa na kan allo tukwici.

Zubair, wanda ya haddace littattafan buɗin wasa, bai taɓa cin karo da irin wannan ba. Ya tabbata tarko ne, ya dafe kai yana nazari har lokacinsa ya ƙare a agogo, wanda a dokar wasan faɗuwa ce. Da haka Malam Aisami ya tafi Yamai cike da murna, ya maimaita wannan karamci sau bakwai, aka cinye shi sau bakwai.

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa ranar 9 ga Janairu, 2024, aka yi jana'izarsa a Gure bayan Azahar. Zubair ya zo ta'aziyya, ya keɓe da babban ɗan marigayin, ya roƙi a faɗa masa inda tarkon yake. Aka shaida masa babu tarko, ladabi ne kawai.

Marigayin ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: Ibram, Nafisa, Huda da Jibo, waɗanda har yau babu wanda ya yarda ya ci dokin da suka miƙa a shataranji, don tsoron tarko. Allah Ya jiƙansa.