Baba Dawo-Gobe da Yatsun Tela

Kafin sauran masu shaguna su iso layin, Baba Dawo-Gobe ya riga ya buɗe nasa. Zai share bakin ƙofa, ya mirgino guntun kututturen nan da sara ya cinye wa fuska ya ajiye gefen benci, ya zuba ruwa a gwangwani saboda dutsen washi, sannan ya zauna ya bi wuƙaƙensa ɗaya bayan ɗaya da tsumma mai ɗan maiƙo. Shagon ɗan tsukuku ne. Akwai tanti, da igiya, da fitilar goshi, da sauran tarkacen masu kwana a daji. Amma abin da ke kawo mutane wurinsa yana rataye a bango: kukuri, wuƙar nan mai lanƙwasasshen ciki wadda nauyinta ya taru a gaba, ta fi wuƙa, ba ta kai adda ba. Da ita mafarauci ke sarar itacen wuta, ya share wurin kafa tanti, ya daddatsa nama.

Hannunsa na hagu kullum yana naɗe cikin tsumman goge wuƙa, ko yana cikin aljihu. Hannun rigarsa na dama kuma a sake yake, maɓallin yana reto, yana tsoma baki cikin ruwan washi. Mutane sun saba ganinsa haka har sun daina gani.

Ƙarshen watan nan Baba zai rufe shagon. Ido ya fara gardama, 'yarsa kuma ta kafe sai ya koma wurinta ya huta. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin gidan yayata yana cin abinci yau albarkacin taurin kan tsohon nan, kuma ban ga dalilin da zai sa a jira sai ba ya ji kafin a faɗa ba.

Mijin yayata tela ne, kowa ma Tela yake kiransa. Mutum ne da bai taɓa yanka ko kaza ba, sai da furfura ta fara leƙo masa a gemu sannan zazzaɓin farauta ya kama shi. Wani maƙwabcinsa mai karnuka ne ya ja shi daji sau ɗaya, ya dawo da ƙaya a wando da labari cike da baki. Tun daga ranar ba shi da zance sai kukuri.

Yaya ba ta ɗauki abin da wasa ba. Ta ajiye masa shayi ta ce, "Maigida, ka dubi hannunka da kyau. Ba mu da gona, ba mu da shago sai keken nan. Gidan nan a kan yatsunka yake zaune. Ka je ka bar ɗaya a daji, da me za ka sa zare a allura?"

"Ke dai kin iya mugun baki," in ji shi.

Da ta ga ba zai ji ba, sai ta juyo kaina. "Auta, bi shi. Kada ka bari ya sayo abin da zai kashe mu."

Haka na zama ɗan rakiya, kuma haka na ga abin da zan faɗa da idona.

Muna shiga Tela ya miƙe wurin wadda ta fi kowacce girma, mai mariƙin ƙaho da zane-zane, tana walƙiya. Ya nuna ta da haɓa kamar wanda ya saba. Baba bai ko dubi bangon ba. Hannun Tela ya duba.

"Ɗana, mece ce sana'arka?"

"Ɗinki, Baba."

"Na gani. Ka taɓa riƙe irinta?"

Tela ya yi 'yar dariya, ya ce ai wuƙa wuƙa ce. Baba ya sauko masa da ita ba musu, ya nuna masa kututturen ya ce ya sara har sai ya ce ya isa. Saran farko Tela ya waigo ya dube ni yana murmushi. Ba a jima ba murmushin ya tafi, wuyan hannu ya fara rawa, bakin wuƙar ya riƙa sauka a karkace. Baba ya ce ya tsoma hannunsa a gwangwanin ruwa ya sake gwadawa. Mariƙin ƙahon ya juya masa a tafi kamar sabulu.

"A daji gumi kake yi, ko ruwa na dukanka," in ji Baba. "Wannan ta rataya a falo ce, baƙi su yaba."

Ya ɗauko wata matsakaiciya, tsawonta bai wuce daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu ba, mariƙinta katako ne mara ado. Ya nuna mana yadda ƙarfen ya ratsa mariƙin har ƙarshe, ya ce wadda ƙarfenta ya tsaya a rabi wata rana kan zai tashi ya bar mutum da itace a hannu. Tela ya sara da ita, ta zauna masa daram. Ya ji daɗi, ya sa hannu a aljihu zai biya.

"Tukuna," in ji Baba. Ya mayar da ita kube, ya miƙa masa. "Zare ta in gani."

Tela ya damƙe kuben da hagu, yatsunsa huɗu sun zagaye shi, ya kama mariƙin da dama. Tsawar da Baba ya daka masa sai da mai gyaran takalma na ƙofar gaba ya leƙo. Tela ya daskare. Tsohon ya karɓi wuƙar ya ajiye, sannan a hankali ya warware tsumman da ke hannunsa na hagu. Babban yatsa ne da ɗan ƙaramin kawai. Na tsakiyan babu su.

"Kukurina ta farko ce," ya ce. "Ba sara ba ne, ba faɗa ba ne, zarewa kawai na yi. Kuben nan katako biyu ne aka haɗa aka lulluɓe da fata, haɗin kuma yana daidai inda kaifi ke bi. Ranar da ya buɗe ba ya sallama. Wanda ya sayar mini bai gaya mini ba, ni kuma ban san zan tambaya ba."

Tela kuwa ya ɓoye hannunsa a bayansa bai ma sani ba.

Sai Baba ya jawo wani abu daga ƙarƙashin benci: kukuri ta katako da wani tsohon kube da aka tsaga gefensa da gangan. Ya goga gawayi a bakin katakon ya mayar ciki. Ya nuna masa yadda ake yi: a riƙe kuben ta bayan wuƙar, yatsu a sama, kada ko ɗaya ya leƙa gefen kaifi, a bar wuƙar ta bi lanƙwasarta ta fito. Duk wanda ya riƙe ba daidai ba, gawayin zai zana masa baƙin layi a yatsu.

"Tafi da ita gida. Ka zare a tsaye, ka zare a tsugune, ka zare ana yi maka magana. Dawo gobe."

A nan na gane inda sunan ya fito.

Tela ya fito yana huci. Ya ce shi da kuɗinsa za a mai da shi ɗan makaranta? Ga wani shago can gaba da ake miƙa wa mutum wuƙa a leda babu tambaya. Na ce masa to mu je can ɗin mana, in ya so ni zan yi wa Yaya bayani. Ya ƙara matse katakon a hammata muka wuce gida.

Duk makon gidan ya sha dariya. Yaya ta mai da kanta alƙali. Sai ta bari ya zauna a keke ta ƙwala masa kira, "Maigida, zaki!" Ya zabura ya zare, ta kama hannun ta duba. "Baƙi. Yau ma mun kwana da yunwa." Ya koma wurin Baba, Baba ya sa shi ya zare yana jan shi da hira, ya duba yatsun ya ce ya dawo gobe. Ya sake komawa, aka sake cewa gobe. Sai ranar da hannun ya riƙa zuwa bayan kuben da kansa, ko Tela na kallon wani wuri, sannan Baba ya juya tafin, ya duba tsakanin yatsu, ya miƙa masa wuƙar ya karɓi kuɗinsa, ya ce, "Babu baƙi. Je ka."

Ba Tela kaɗai ya sha wannan ba. Mai gyaran takalman nan ya ba ni labarin wata mata da ta zo saya wa mijinta kukuri kyauta, Baba ya ce ta yi haƙuri, sai ya ga hannun da zai riƙe ta. Ya ba ni labarin wani da ya zo da zumuɗi, Baba ya tambaye shi abin da zai yi a dajin, ya ji kamun kifi ne kawai, ya ce masa kukuri ba tasa ba ce, ya je ya nemi 'yar wuƙa mai naɗewa. Da yawa sun tafi da fushi ba su dawo ba.

Baba, kai ne mai shagon da ke korar ciniki da hannunsa. Kai ne ka yarda a ce maka mai tsaurin ra'ayi, a ce tsufa ne, a yi maka laƙabi ana dariya, ba ka taɓa sassautawa don a so ka ba. Abin da ya same ka kana saurayi ka hana shi ya sami 'ya'yan wasu.

Damina ta biyu da sayen wuƙar, Tela da maƙwabcinsa suka fita. Da la'asar ruwa ya tsuge musu a bakin wani rafi. Ɗaya daga cikin karnukan ya zame ya faɗa, igiyar wuyansa ta sarƙe a saiwar bishiya, ruwa kuma yana ƙaruwa yana danne masa kai. Maƙwabcin, mai karen, yana can tsallake yana ihu. Tela ya ce shi bai tuna komai ba, bai tuna Baba ba, bai tuna gawayi ba. Ya dai tsinci kansa a cikin ruwa har gwiwa, wuƙa a hannu, igiya a yanke, kare yana kakkaɓe jiki a kan tudu.

Sai da ya zo mayar da ita ya ga kuben. Ruwa ya jiƙa fatar, haɗin katakon ya saki, kaifin ya fasa gefen tun daga baki har kusan ƙarshe. Ya dubi hannunsa na hagu. Yana nan a bayan kuben, inda aka koya masa ya zauna.

Ina gidan ya dawo. Ya ajiye kuben a kan keken ɗinki. Yaya ta dubi tsagar, ta dubi fuskarsa, ta kama hannun ta juya gaba ta juya baya. Matar da ta yi mako tana yi masa tsiya, ranar kuka ta fashe da shi, ta ƙi sakin hannun har shayinsa ya huce.

Washegari muka kai wa Baba kuben. Na ɗauka zai ce ai ya faɗa. Ko kusa. Ya kai shi dab da idonsa yana shafa tsagar, ransa a ɓace. "Ni na sayar maka da wannan," ya ce. "Ya kamata in ga haɗin nan ba shi da ƙwari." Ya tashi ya sauke duk kuben da suka zo tare da shi daga bango, ya ce ba mai fita da ko ɗaya sai ya sake ɗinke su. Godiyar da Tela ya shirya tun daga gida ba ta sami wurin shiga ba.

Amma tela ba ya rasa hanya. Tun ranar farko idonsa yana kan hannun rigar nan mai reto. Ya bincika ya ji cewa matar Baba ce take ɓalla masa maɓallin kowace safiya, tun da ta rasu kuma bai taɓa roƙon kowa ba. Da labarin rufe shago ya fito, Tela ya je da tef ɗin awo a wuya, ya ce Baba ya miƙe tsaye. Tsohon ya yi ta gardama, ya ce rigunansa sun ishe shi, yaushe ma za a gama?

"Dawo gobe, Baba," in ji Tela.

Dariyar da Baba ya yi har da tari.

Rigar ta zo makon jiya. Babu maɓalli ko ɗaya a hannunta. Tela ya tsuke bakin hannun da wani ɗinki mai ɗan miƙewa, mutum ya zura kawai ya zauna a wuyan hannu, ba ya reto, ba ya shiga ruwa. Baba ya sa ta, ya ɗaga hannun dama ya girgiza, ya sake girgizawa.

Baba, mun gode. Yaya ta gode, 'ya'yanta da ke tafiya makaranta da cikinsu a cike sun gode ko ba su san ka ba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi a gidan 'yarka, ya ƙara wa idon nan haske. Ku kuma da kuke sayar wa mutane abin da zai iya cutar da su, ko wuƙa ce, ko injin, ko magani, ku dubi hannun mai saye kafin ku dubi aljihunsa. Mai neman kukurinsa ta farko kuma, in ya samu wanda zai ce masa ya dawo gobe, ya koma.

Ranar da muka kai rigar, da za mu tafi, Tela ya miƙa hannu su yi sallama. Baba ya ajiye tsumman a kan benci, ya kama hannun da hannayensa biyu, har da na hagun, a gaban duk mutanen layin. Ya juya tafin ya kai kusa da idonsa, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya da babban yatsansa.

"Babu baƙi," ya ce. "Je ka, ɗana. Aiki na jiranka."