Kofunan Ɗakin Shayi

Shekarar da Sista ta gama makarantar jinya aka ce nas-nas sun yi yawa a ƙasa. Ta koma gida tana sayar da ƙanƙara, farar rigarta a ninke cikin akwati, sai daga baya aka tuna da ita. Yanzu da gwiwa ta fara ƙara, furfura ta leƙo ta ƙasan hula, sai aka ce nas-nas sun yi kaɗan a duniya. Ita dai ba ta taɓa ganin lokacin da suka yi daidai ba.

Burinta ɗaya ne, ta yi ritaya ta san yadda barcin rana yake. Takan hango shi tana cikin auna jini: tabarma a baranda, iska na kaɗa labule, babu mai kiran sunanta. Amma an ce ba za a sake ta ba sai ɗakin marasa lafiya na mata ya sami isassun hannu.

A ɗakin nan akwai al'ada. Duk nas ɗin da ta samu aiki a ƙasar waje ba ta tafiya da kofin shayinta, wai don za ta dawo. Sista ce ke wanke su duk mako, ta jera su a kan wata kanta. Mai hoton kyanwa na wadda ta tafi ƙasar sanyi ne, mai tsagaggen baki kuma na wata da ke kuka in za ta yi wa yaro allura. Kanta ta cika har aka ƙara wata. Masu shan shayin kuwa saura su biyu, ita da wata yarinya da suke kira Auta.

"Mama, ke fa kina kiwon kofuna," in ji Auta. "Sun fi mu haihuwa."

"Ke dai naki ya zauna inda yake, ke ma ki zauna."

Wata rana da hantsi wani jami'i ya zo daga sama don ya duba ko hannu ya isa. Warin magani ya hana shi wuce ƙofa, sai ya faɗa ɗakin shayi. Ya kalli kantocin, kofuna fes babu ƙura, ya gyaɗa kai.

"Ashe ku kam kuna da jama'a, Sista. Ai sai ki je ki huta. Ko da abin da ban gani ba?"

Tabarmar ta matso kusa har Sista tana jin ƙamshinta. Kalma ɗaya ce, in ta ce a'a, sai ta ɗauki jakarta. Auta kuwa tun safe tana can wajen wata mai naƙuda, ko ruwa ba ta sha ba.

Ƙararrawar wani gado ta yi kuka. Jami'in ya jira wata daga cikin jama'ar ta fito, babu wadda ta fito. Ƙararrawar ta sake kuka.

"Yallaɓai, masu kofunan nan duk suna bakin aiki," in ji Sista. "Sai dai ba a ƙasar nan ba."

Ta dafa gwiwa ta miƙe. A bakin ƙofa ta waiwayo.

"In wata ta sake bugawa kafin in dawo, ka leƙa ka ce mata ana zuwa. Haka muke cewa."