Riga Uku Zuwa Hawashar Baba

In kun ga dama ku ce ƙarya nake, amma wallahi gumin da na zubar tsakanin Madani da Suki zai shayar da gonar albasa har girbi.

Mun tashi da asuba ni da wani abokina, za mu ƙauyenmu da ke bayan Suki. Dalilin tafiyar ɗaya ne: in roƙi Kawu, ƙanen mahaifina, ya miƙa mini hawashar Baba, gonar ban-ruwan da yake noma tun rasuwarsa. Zaman kashe wando ya ishe ni. Sai na ce bari Kawu ya ga na zama mutum. Na sa singileti, na ɗora farar fanila, 'yar riga mai gajeren hannu, na kawo shat mai gida-gida na bar maɓallai a buɗe, yadda samarin birni ke yi a waya. Abokina ya zura jallabiyarsa guda, na ce mishi ya yi kama da buhun auduga.

Kafin Sinnar buhun auduga yana barci, ni ina dahuwa. Mu ashirin a bayan akori-kura, ga akuya tana tauna gefen shat ɗina. Da muka tsaya a tasha, wata mai shayi ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ya zol, bawan Allah, zazzaɓi kake?" Kuɗin mota kuwa, kamar motar za su bar maka.

Mun isa rana tsaka. An kawo kisra, siririyar wainar dawa, da miyar kuɓewa, ina hango gado a inuwa, sai Kawu ya ɗauki sandarsa. "Tashi, ɗana, mu zaga iyakar gonar taka."

Ashe zagayen ne jarrabawar. Tsoho a gaba da 'yar rigarsa shara-shara, yana nuna mini inda ruwa ke shigowa daga tur'a, wato babbar magudanar ruwa, da inda ake toshewa. Ban ji ko ɗaya ba. A kusurwar farko na cire shat. A ta biyu na cire fanila na naɗa a kai. Ta uku ban ganta ba, gindin wata ƙaya na samu na zube. Kawu ya gama zagayensa shi kaɗai, ya dawo ya miƙo mini ruwa. Sai ya juya muka koma gida. Washegari da muka yi sallama, "a gai da gida" kawai ya ce.

Na iso Madani wuya duk ƙuraje, na dai koyi cewa rana ba ta kallon waya. Inna ta kira Kawu a waya ta buɗe murya don in ji, ta ce, "Malam, yaya maganar yaron nan?"

Ya ce, "Hajiya, mutum-mutumi muna da shi a gonar. Riga ɗaya gare shi, kuma bai taɓa neman inuwa ba."