Kwano Biyu na Wake daga Wurno

Shekarun baya, tun ina iya tashi daga tabarma ba tare da na dafa bango ba, na yi wani sakaci da har yau mutanen gidana ba su bar ni na manta ba.

Duk wanda ya san ni a Birnin Kudu ya san dokata: ba abin da ke shiga ɗakin ajiyata sai ya sha rana. Dawa ce, gyaɗa ce, ko katifar da aka sayo a kasuwa, sai ta yi kwana uku a shanya. Ban yi boko ba, ban iya karanta rubutun jikin kwalbar magani ba, don haka ba na jira ƙwaro ya shigo sannan in nemi abin kashe shi. A bakin ƙofa nake tare shi. Matar ɗana ta sha faɗa a kan wannan har ta daina kare kanta, sai dai ta ce "To, Inna," ta ɗauki tsintsiya.

Abin da na fi tsarewa shi ne irin waken da mahaifiyata ta ba ni daga Fagam. Ƙaramin wake ne ja-ja, mai nuna da wuri, ba a samunsa a kasuwa. Kowace kaka nakan ware na iri in shanya, in tankaɗe toka, kwanon wake kwanon toka, in zuba a tulu in liƙe bakin da laka. Ba a buɗewa sai ruwan shuka ya sauka. A shekarar da abin ya faru ma na ba matar ɗana kwano ɗaya ta yi a ƙaramin tulu in ga ko ta iya. Da ta gama na ce liƙinta kamar an taka da ƙafa, na tura shi bayan ƙofa.

To, da farkon daminar wannan shekarar na ɗibar wa mahaifiyarta, da ke Wurno, ta shuka. A wajenmu in an ba ka iri ya yi kyau, kakan mayar wa mai shi da kaɗan daga abin da ka samu. Da kaka, ina cikin cika babban tuluna sai ga ta da ƙunshi a ka.

"Hajiya, ga jikokin wakenki sun dawo gida," in ji ta. "Matsa in zuba da hannuna, albarka ta haɗu."

Tana kwancewa idona ya kai. Ga ɗan farin ɗigo nan a jikin ƙwayoyin, ƙwan ƙwari ne, na san shi kamar yadda na san yatsuna. Da wata ce da na ce ta dakata. Amma suruka ce, ta yi tafiya a mota, 'yarta kuma na tsaye tana kallonmu. Sai na ji bakina yana cewa, "Ikon Allah! Har da wahala haka? Allah ya saka da alheri."

Kwano biyu ta juye a sama, ba rana, ba toka. Ita ta taya ni kwaɓa lakar ma. Bayan ta tafi na yi niyyar fasa liƙin, sai na ce a raina, kwano biyu me za su yi? Gaskiyar magana, ba na so yarinyar ta ga ina tsince kyautar uwarta.

Da ruwan shuka ya sauka na buɗe tulu. Wari ne ya fara tarbata. Na sa hannu, na ɗebo gari da ɓawo. Ƙwari sun huda na sama, sun bi wanda na cakuɗa da toka kaɗan-kaɗan, abin da ya rage bai cika tafin hannu ba. Na zauna a ƙasa. Ba waken nake kallo ba, hannun mahaifiyata nake gani ranar da take ƙulle min shi a bakin zane.

Matar ɗana ta leƙa tulun. Ta shiga bayan ƙofa ta fito da ƙaramin tulun nan, ta ajiye a gabana.

"Inna, ga wanda aka taka da ƙafa. Ko za a duba?"

Na fasa. Wake garas, ko huda ɗaya babu. Na juya shi a hannu na juya, ina neman abin da zan kushe, na rasa. Sai na ce tokar ta ɗan yi yawa. Ta ce, "To, Inna," tana danne dariya.

Wannan kwano ɗaya muka shuka, shi ne wanda muke ci har yau.

Abin da na gane shi ne, duk tsantsenina, ban taɓa tsaron ƙofar da ƙwaro ya fi shigowa ta cikinta ba. Ba ta tsagar bango ba ce. Ta hannun wanda kake jin nauyinsa ce. Yanzu ko waye ya kawo, nakan yi godiya sosai, sannan in shimfiɗa tabarma.

Ban taɓa faɗa wa surukata ta Wurno abin da ya faru ba, amma na san wadda ta faɗa. Da kaka ta zagayo ta zo da ƙunshinta, ta tsaya a tsakar gida, ta ƙi ƙarasawa ciki.

"Hajiya, a ba ni tabarma," ta ce. "Ni zan shiga ɗaki, amma waɗannan baƙin naki sai sun yi kwana uku a waje."