Malam Almu Mai Alamu

Almu Jalo ya sauka Landan a shekarar 1975, lokacin da kuɗin man fetur suka yi wa gwamnatocin jihohinmu yawa har suna neman wanda za su tura karatu waje. Malamin Turanci ne a wata sakandare a Azare. Aka ba shi sukolashif ya yi digiri na biyu a adabi, ya zaɓi tsofaffin ƙagaggun labaran Amurka, wai na Ingila ko ɗan firamare ya san su.

Gida ɗaya muka zauna a Tottenham. Ni ina ƙasa ina karatun haɗa magunguna, shi da matarsa Luba da jaririyarsu suna sama, kicin ɗinmu ɗaya. Bai daɗe ba ya sayi kwat mai faci a gwiwar hannu, da lofe wanda bai taɓa kunnawa ba, sai dai ya riƙa nuna mutane da shi.

A wurin Almu babu abin da yake zaman kansa. Kogi a labari ba kogi ba ne, 'yanci ne. Doguwar hanya burin ɗan Adam ce. Taga a rufe, mace ce cikin ƙunci. Da a aji ya bar abin, da ba wanda zai damu, amma sai ya kwaso mana shi har bakin tukunya.

Akwai wani maƙwabcinmu mutumin Jos, Choji, kwandastan bas ne, yakan shigo cin tuwo ranar Lahadi. Rannan Almu ya auna shi da lofe ya ce, "Kai ne ainihin tauraron labarin Amurka. Ƙaramin mutum wanda inji ya haɗiye. Jigon rayuwarka ke nan."

Choji ya ce, "To, Malam. Miƙo mini yaji."

Da sanyi ya kankama hitar da ke ɗumama ɗakin su Almu ta mutu. Ina jin Luba a kan matakala tana cewa, "Malam, don Allah a kira mai gidan nan, yarinyar nan tari take yi."

Ya ce, "Kin san me sanyi yake wakilta a adabi? Kaɗaici."

Ta ce, "Ni dai a gyara."

Ni na je na kira mai gidan. Almu bai ma lura ɗakin ya yi ɗumi ba.

Ranar da zai gabatar da takardarsa ya dage sai na je, domin in ga yadda ake ilimi. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, ɗalibai kaɗan, sai malamarsu, wata dattijuwa Ba'amurkiya. Littafin da ya ɗauka labarin wani ɗan manomi ne da ya bar gonar ubansa ya tafi birni. Almu ya miƙe ya yi ta zuba. Ya ce mutuwar saurayin a ƙarshen labari ita ce mutuwar mafarkin Amurka, kabarinsa kuma alama ce ta ƙasar da ta cinye 'ya'yanta. Har da sassauta murya.

Da ya zauna, dattijuwar ta tambaye shi cikin ladabi a wane babi ne saurayin ya mutu.

Ashe bai mutu ba. Aure ya yi, ya koma gona, ya tsufa. Almu gabatarwa kawai ya karanta da 'yan babukan farko. Ya saba da ƙananan littattafan taƙaitawa da ake sayar wa 'yan jarrabawa, wannan kuwa bai samu nasa ba, sai ya cike da ka, tunda a ganinsa duk tauraron Amurka mutuwa yake yi.

Ko gezau. Ya gyara kwat ya ce, "Ai a ruhi ya mutu." Wata ɗaliba ta toshe baki ta fita. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona.

A bas muna komawa ya ce mini dattijuwar nan ba ta da zurfi.

Bai kammala digirin ba. Aka tsayar da sukolashif ɗin, yayan Luba ya zo sayayya Landan ya koma da ita da yarinyar Azare. Almu ya samu ɗakin haya na ƙaramar hukuma a Thamesmead, ya kama gadin wurin ajiye motoci a Stratford. Can na same shi a 1979 ina shirin komawa gida, cikin rumfar gadi, da littafi buɗe a shafin farko. Ya ce in dube shi da kyau, shi ne irin tauraron da al'umma take murƙushewa don ya fi ta gani. Bai ba ni saƙo ga 'yarsa ba. Cewa ya yi in gaya wa mutanen gida yana dab da kammalawa.

Na je Azare na gaida Luba. Ba ta tambaye ni shi ba, ni ma ban kawo zancensa ba.